Yadda Ake Ƙiyasta Halin Jama'a Daga Binciken Gidaje Kaɗan

An shirya wannan bayani ne domin malaman yaƙi da jahilci, da jami'an kiwon lafiya na karkara, da shugabannin ƙananan hukumomi irin ta Bune a gundumar Gure, waɗanda rahotanni ke isowa hannunsu cike da alkaluma, a kuma nemi su tsara aiki a kansu. Idan rahoto ya ce kashi kaza cikin 100 na yaran jihar Damagaram suna fama da tamowa, ko kashi kaza na mata ba su iya karatu ba, a kan wannan adadi ne ake yanke yawan abincin da za a kawo, da yawan ajujuwan da za a buɗe, da garin da za a fara da shi. Saboda haka ya kamata mai aiki da adadin ya san ta inda ya fito.

Ƙidaya da bincike

Mai sayen hatsi a kasuwar Gure ba ya zazzage buhu don ya san ingancin geron da ke ciki. Yakan ɗebo daga sama, ya nutsa hannu ya ɗebo daga tsakiya, ya duba, sannan ya yi ciniki. Haka aikin ƙididdiga yake. Ƙidayar jama'a baki ɗaya, wadda ake shiga kowane gida, aiki ne mai tsada da ba a yin sa sai bayan shekaru masu yawa. A Nijar an yi ta a 1977, da 1988, da 2001, da kuma 2012, inda aka sami mutum 17,138,707. Tsakanin ƙidaya da ƙidaya, ana dogara ne da bincike a kan samfur, wato a zaɓi wasu gidaje ta hanyar ƙuri'a, a tambaye su ko a auna su, sannan a ƙiyasta halin sauran daga nasu. Ma'aikatar ƙididdiga ta ƙasa, INS, wadda aka kafa a 2004, ita ce ke jagorantar manyan bincike irin wannan. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012, alal misali, ya shiga gidaje ɗan sama da 10,000 ne kawai a faɗin ƙasar.

Abu biyu ne ke shiga tsakanin abin da aka rubuta a takardar bincike da gaskiyar da ke ƙasa. Na farko, gidajen da aka zaɓa ba su wakiltar yawan mutane ɗaya. Na biyu, awon da aka yi musu yana ɗauke da kuskure. Na farkon yana da magani sananne, shi ne nauyi. Na biyun ya fi wuyar sha'ani, kuma nauyi ba ya warkar da shi.

Nauyin gida

Bisa ƙidayar 2012, jihar Damagaram tana da mutum miliyan uku da rabi, wato kusan kashi 21 cikin 100 na ƙasar, birnin Yamai kuwa miliyan ɗaya da ɗoriya, kashi 6 ke nan. A ɗauka masu bincike sun ware wa kowace jiha daga cikin takwas ɗin yawan gidaje iri ɗaya, don kowace ta sami adadin da za a iya dogara da shi. To a cikin samfurin kowace jiha ta zama kashi 12.5. An bai wa Yamai ninkin rabonta, an rage wa Damagaram nata. Idan aka haɗa amsoshin haka nan, ƙasar za ta fito da kamannin birni fiye da yadda take.

Gyaran shi ne a ɗora wa kowane gida nauyi daidai da yawan gidajen da yake tsaya wa. Gidan da aka zaɓa daga cikin gidaje 100 nauyinsa 100 ne, wanda aka zaɓa daga cikin 400 nauyinsa 400. A misalin da ke sama, amsar gidan Yamai za a rage ta da kusan rabi, ta gidan Damagaram kuwa a ninka ta fiye da sau ɗaya da rabi. Masanan Amurka biyu, Horvitz da Thompson, su ne suka shimfiɗa ƙa'idar wannan lissafi a 1952, kuma da ita ake aiki har yau.

Ga misali ƙarami wanda kowa zai iya bi da alƙalami. A ɗauka an tambayi mutum 100 a cikin gari da mutum 100 a ƙauyuka, alhali mutanen gari kashi ɗaya ne cikin biyar na yankin. A gari 60 suka ce sun iya karatu, a ƙauyuka 20. Wanda ya haɗa ba tare da nauyi ba zai ce kashi 40 cikin 100 sun iya karatu. Wanda ya ba gari rabonsa na ɗaya cikin biyar, ya ba ƙauyuka huɗu cikin biyar, zai sami 12 da 16, jimla kashi 28. Tazarar maki 12 ce, kuma ta isa ta sa a rage ajujuwan da ya kamata a buɗe.

Haka ake yi idan ana son ganin yadda jama'a ta kasu daga ƙasa zuwa sama. Ana jera yaran da aka auna daga mafi rama zuwa mafi ƙiba, a riƙa tara nauyin da kowannensu ke ɗauke da shi. Inda tarin ya kai rabin jimla, nan ne tsakiyar jama'a. Rabon nauyin da ya taru kafin a kai wata iyaka, shi ne rabon yaran da ke ƙasa da iyakar.

Wanda ba ya cikin jeri

Nauyi yana aiki ne a kan wanda yake da damar fitowa a ƙuri'a. Wanda sunan garinsa bai shiga jerin da aka ciro samfur daga ciki ba, babu nauyin da zai dawo da shi. Wannan matsala ta fi tsanani a ƙasa irin ta Bune, wadda ke kudu da Gure har iyakar Najeriya, inda Mangawa manoma ke zaune a bakin kwarurruka masu dabino da kanwa tsakanin tuddan rairayi, makiyaya kuma suna tashi da sauka gwargwadon ruwa da ciyawa. Rugar da aka lissafa a watan Disamba, lokacin da aka yi ƙidayar 2012, ba lallai a tarar da ita a wurin da damina ba. Samari kuma da an gama girbi sun tafi cirani. Bayan haka jama'ar ƙasar ta riƙa ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 a shekara tsakanin 2001 da 2012, wanda ke nufin ninkuwa cikin shekara 18 ko kusa da haka. Jerin da ya shekara goma ya riga ya tsufa, kuma garuruwa ba su girma da sauri ɗaya. Shi ya sa masu bincike na ƙwarai sukan sake lissafa gidajen duk unguwar da ƙuri'a ta faɗa wa kafin su zaɓi waɗanda za su shiga.

Kuskuren awo

A nan ne ya kamata mai karatu ya dakata sosai, domin akwai wata fahimta da ta yaɗu ko a tsakanin ma'aikata, cewa kuskure yana cinye kansa: an ƙara wa wannan, an rage wa wancan, a ƙarshe sun yi daidai. Wannan gaskiya ne idan matsakaici ake nema, kuma idan kuskuren bai karkata gefe guda ba. Mai awon tiya da wani lokaci yake cika ta, wani lokaci ya rage, bayan tiya ɗari jimlarsa ba za ta yi nisa da daidai ba. Amma aikin agaji ba matsakaici yake kallo ba. Yana kallon waɗanda ke can ƙasa ne, kuma a wurin kuskure ba ya cinye kansa ko kaɗan.

Binciken tamowa shi ne ya fi nuna wannan. Ana auna nauyin yaro mai wata 6 zuwa 59 da tsawonsa, a kwatanta da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, wanda aka gina bisa yaran da suka tashi cikin ƙoshin lafiya a ƙasashe shida, ciki har da Gana. Daga nan kowane yaro yana samun maki. Sifili shi ne tsakiyar lafiyayyun yara. Wanda ya sauka ƙasa da mataki biyu yana da tamowa, wanda ya sauka ƙasa da mataki uku tamowarsa mai tsanani ce, haka ma wanda ƙafafunsa biyu suka kumbura. Ga yaro mai tsawon santimita 80, mataki ɗaya bai kai kilo guda ba. Idan yawan masu tamowa ya kai kashi 15 cikin 100, ana ɗaukar yankin ya shiga halin gaggawa. Binciken da gwamnati ta yi tare da UNICEF da cibiyar CDC ta Amurka a watannin Satumba da Oktoba na 2005 ya sami kashi 15.3 a ƙasar, na watan Yuni 2010 kuma ya sami 16.7. Abin lura shi ne na 2005 ya riga sabon ma'aunin fitowa, don haka jera shi kai tsaye da na bayansa yana bukatar hattara.

Yanzu a ɗauka a wani yanki matsakaicin makin yara yana ƙasa da sifili da 0.8, faɗin warwatsuwarsu kuma mataki ɗaya ne cif. A lissafi, yaran da ke ƙasa da mataki biyu za su zama kashi 11.5 cikin 100. Sai masu awo suka zo, yaro yana kuka yana shure-shure, allurar sikeli tana rawa, wani an miƙe masa gwiwa a kan allon tsawo, wani ba a miƙe ba. Babu wanda ya yi nufin ƙari ko ragi. Matsakaici ya tsaya inda yake, amma faɗin ya tashi daga 1.0 zuwa 1.2. Da wannan kaɗai adadin masu tamowa ya koma kashi 15.9, ya haye layin gaggawa, masu tamowa mai tsanani kuma sun tashi daga kashi 1.4 zuwa 3.3. Kuskuren da ya jawo haka bai wuce kimanin rabin kilo ba ga yaro irin wanda aka ambata.

Dalilin a fili yake. Yaran da ke ɗan sama da iyaka sun fi waɗanda ke ɗan ƙasa da ita yawa, tun da jama'a ta fi taruwa a tsakiya. Idan kuskure ya girgiza kowa, waɗanda za su faɗo ƙasa da iyaka sun fi waɗanda za su haye ta. Ƙara yawan yaran da ake aunawa ba ya rage wannan. Ko yara dubu goma aka auna da hannu iri ɗaya, 15.9 ɗin za a ci gaba da samu, sai dai a ƙara yarda da shi.

Wani zai ce ai gara a yi kuskure ta wajen ƙari, tun da abinci zai zo. A ganina wannan tunani yana da cutarwa. Kayan agaji ƙayyadaddu ne, abin da aka ƙara wa yankin da awonsa ya lalace daga bakin wani yanki aka cire shi. Kuma idan shekara ta zagayo aka aiko ƙwararrun masu awo, adadi zai sauka, a ce shiri ya yi nasara, alhali yaran suna nan yadda suke.

A nan ne nauyi da kuskure suke haɗuwa. Nauyi yana ninka duk abin da aka rubuta, daidai ne ko ba daidai ba. Yaron da ke tsaya wa yara 400, kuskuren da aka yi a kansa ya shiga lissafi sau 400. Sau da yawa kuma ƙauyukan da suka fi nauyi su ne na nesa, inda mota ta kafe a rairayi aka iso da yamma a gajiye, inda babu takardar haihuwa, inda ake magana ta bakin tafinta domin mai tambaya ba ya jin Barbarci ko Fulatanci.

Shekaru

Duk wanda ya taɓa rubuta sunayen ɗalibai a ajin manya ya san abin da ke faruwa idan aka zo kan shekaru. Sai ka ga 30, 35, 40, 40, 50, kamar babu wanda aka haifa a tsakani. Mutane da yawa takardunsu na cewa ne an haife su wajajen shekara kaza. Akwai ma'aunin da ake kira na Whipple don gane girman wannan: ana duba masu shekara 23 zuwa 62, a ga nawa ne shekarunsu suka ƙare da 0 ko 5. Idan babu cunkoso sakamakon 100 ne, idan kowa ya taru a kan waɗannan lambobi 500 ne, abin da ya haura 175 kuwa ana ɗaukarsa bayani mai rauni ƙwarai. Illar tana bayyana a bakin iyakoki: mace mai shekara 48 da aka rubuta mata 50 ta fita daga rukunin masu 15 zuwa 49 da ake tambaya game da haihuwa. An kuma sha lura a ƙasashe da dama cewa wasu masu tambaya sukan tura yaro sama da shekara biyar don su huta da dogayen tambayoyin lafiyarsa. Maganin da ya fi aiki shi ne kalandar abubuwan da gari ya sani, kamar juyin mulkin 1974, da yunwar 1984, da rasuwar Janar Seyni Kunce a 1987. Ga ƙananan yara kuwa a tambayi uwa azumi nawa ya wuce, kafin babbar salla ne ko bayanta, an yi shuka ko ana girbi.

Iya karatu

A fannin da na fi sani, kuskuren ba na sikeli ba ne, na amsa ne. Idan aka tambayi magidanci a gaban iyalinsa ko ya iya karatu, kunya takan sa ya ce e, ko da aji biyu kawai ya yi ya manta. Na kuma taɓa zama da dattijon da ya ce mini shi bai yi karatu ba, can sai na ga ya ciro takarda yana rubuta lissafin bashinsa da ajami. A wurinsa karatu da ake tambaya boko ne. A ƙasar Mangawa, inda makarantar allo take da tsohon tushe, irinsa ba kaɗan ba ne. Binciken 2012 ya bi hanyar da ta fi tambaya inganci: wanda bai kai makarantar sakandare ba, akan miƙa masa kati mai jimla a ce ya karanta. Ta haka aka sami kashi 14 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 da suka iya karatu. Ko wannan ma ya dogara da harshe da irin rubutun da ke kan katin.

Ana iya gyara adadi irin wannan idan an san girman kuskuren. Mu koma ga kashi 28 na misalinmu. A ɗauka an sake komawa ga wasu daga cikin mutanen aka gwada su da gaske, aka ga cikin masu iya karatu 100, 95 ne suke amsa e, cikin waɗanda ba su iya ba kuma 15 suna amsa e. Sai a cire 15 daga 28, saura 13, a cire 15 daga 95, saura 80, a raba 13 da 80. Sakamakon kashi 16 ne da ɗan ɗoriya. Daga 40 da aka fara gani an sauko 28 saboda nauyi, an sauko 16 saboda kuskuren amsa. Idan girman kuskuren ya bambanta tsakanin gari da ƙauye, wajibi ne a gyara kowanne daban kafin a haɗa.

Ware kuskure daga gaskiya

Ga awon jiki, hanyar sanin girman kuskure ita ce maimaitawa. Tsarin SMART, wanda ake bi a binciken tamowa a Nijar da sauran ƙasashe, ya tanadi cewa kafin fita daji kowane mai awo ya auna yara goma sau biyu, a duba bambancin awonsa da kansa, da kuma tsakaninsa da mai horarwa. Bayan bincike kuma ana duba faɗin warwatsuwar maki, wanda ake so ya tsaya tsakanin 0.8 da 1.2. Ana duba lambobin ƙarshe ma: idan yawancin tsawon yara ya ƙare da sifili ko biyar, an san ana cike lamba ne da ka.

Faɗin gaskiya da faɗin kuskure suna haɗuwa ne bayan an ninka kowanne da kansa. A misalinmu 1.2 sau 1.2 ya ba da 1.44. Idan maimaita awo ya nuna rabon kuskure 0.44 ne, abin da ya rage 1.0, shi ne faɗin gaskiya. Daga nan ana iya matso da makin kowane yaro zuwa ga matsakaici mai nauyi gwargwadon haka, a sake lissafa yawan waɗanda ke ƙasa da iyaka. Masana suna da hanyoyin kwamfuta da suka fi wannan zurfi, amma duk suna bukatar a san girman kuskuren daga wani wuri, kuma suna faɗaɗa shakkar da ke kan adadi, musamman a can gefe inda yara kaɗan ne. Wannan gyara na jama'a ne baki ɗaya, ba a sallamar wani yaro daga magani saboda shi. Kuma ba ya taɓa kuskuren da ya karkata gefe guda. Sikelin da kullum yake ƙara giram 200, ko an maimaita awo sau goma haka zai ƙara, sai an gwada shi kowace safiya da abin da aka san nauyinsa. Akwai lokacin da babu gyaran da zai ceci aiki: binciken lafiya da yawan jama'a da aka gudanar a Nijar a 2017 ba a fitar da cikakken sakamakonsa ba saboda shakka a kan ingancin bayanan.

Adadin jiha da adadin Bune

Kowane adadi mai kyau yana zuwa da tazarar shakka, kuma wajibi ne a karanta su tare. Tun da ana zaɓar ƙauyuka ne tukuna sannan gidaje a cikinsu, maƙwabta kuwa rijiya ɗaya suke sha, gona iri ɗaya suke nomawa, yara 900 daga ƙauyuka 30 sukan yi daidai ne da yara 450 da aka tsinto ɗaya bayan ɗaya, ko kusa da haka. Idan irin wannan bincike ya ce kashi 15, gaskiyar tana iya kasancewa ko'ina daga kusan 12 zuwa 18. Wannan tazara ta ƙuri'a ce kawai, kuskuren awo bai shiga cikinta ba.

Binciken da aka tsara don jiha kuwa, wataƙila ƙauye ɗaya ko biyu ne daga Bune suka faɗo a cikinsa, wataƙila babu ko ɗaya. Adadin jihar Damagaram ya haɗa birnin Damagaram, da gonakin Magarya da Matamai, da makiyayan Tanut da Tesker. Ɗora shi a kan Bune a tsarin raya ƙaramar hukuma ƙiyasi ne na wucin gadi, kuma ya kamata a rubuta shi a matsayin haka, tare da shekararsa da watan da aka yi shi, domin adadin watan Yuni, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, dabam yake da na bayan girbi. Rajistar gidan likita ma ba ta maye gurbinsa, tun da waɗanda suka iya zuwa kawai take ƙirgawa. Ƙaramar hukumar da ke son adadin kanta sai ta nemi a yi mata nata binciken, a sabunta jerin garuruwa da rugage tare da masu gari da arɗo-arɗo, a ɗauki masu tambaya da ke jin harsunan wurin, a kuma ware kuɗin komawa ga wasu gidajen a sake auna su.